Hancin Ɗan Gwaggo da Iskar Bututu

A Gaya, in gardama ta kaure a kan isansi, wato man fetur, ba wanda ke tunanin kai ƙara. Ɗan gwaggona ake aika wa. Zai iso a kan tsohon babur ɗinsa, ya kafe shi a inuwa, ya bi kowa da gaisuwa a tsanake kamar ba shi ake jira ba, sannan ya ce a buɗe bidon, jarkar man ke nan. Ya tsoma tsinke, ya ɗiga a bayan hannunsa, ya lumshe ido ya shaƙa. Sai ka ji ya ce, "Wanga an yi mishi surki da kalanzir," ko kuwa, "Man lahiya lau yake, bidon ne ya taɓa ɗaukar manja." Daga nan magana ta ƙare, wanda aka kayar ya ɗauki kayansa ya yi gaba yana ƙunƙuni.

Teburinsa na kwalaben isansi yana bakin hanyar da ta nufi gadar kan iyaka tun ina budurwa. Amma sunan hancinsa ya wuce man babur. Mata kan tsayar da shi a kasuwa ya shinshina musu man shanu ko daddawa kafin su saya. Masu busasshen kifi in sun hango shi sai su fara ɓoye na ƙasan kwando. Har cewa ake yi yana iya bambanta kifin da aka kama a gaɓarmu da wanda aka kama a gaɓar Malanville, can ƙetaren iyaka. Wannan kam ban taɓa yarda ba, kogin ɗaya ne, kifi kuma ba ya yawo da katin ɗan ƙasa.

Ni ɗiyar kawunsa ce, taubasai muke. Tun muna yara na ɗauki rage masa girman kai a matsayin aikina, na kuma riƙe shi da gaskiya fiye da yadda na riƙe koyarwa a lekol. Shi yana kirana Madam, da wata irin murya da ke mayar da kalmar zagi. Ni ina kiransa bawana a gaban baƙi. Mutumin kirki ne, mai kyauta, amma in ya lumshe idon nan ya ɗaga hanci sama sai in ji tafin hannuna na ƙaiƙayi.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gada. Manyan motoci suka daina wucewa, mutane suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale, kasuwar bakin hanya ta kwanta. Ɗan gwaggo ya samu lokacin da bai taɓa samu ba, ya kuma ga ba inda ya dace ya kashe shi sai gidana. Kowace Juma'a sai ya biyo ya yi alwala a nan, ya tafi masallaci da maigidana, su dawo ya ci mana tuwo yana kushe miyar.

Wata Juma'a na shirya masa. Tun ranar Laraba na ajiye kan tarwaɗa a bayan ɗaki, a cikin zafin nan namu, har ni kaina sai da na toshe hanci da gyale kafin in naɗe shi a ganye. Da ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya zai yi alwala, na zura masa a aljihu. Na koma madafa na laɓe ina jiran ihu. A zatona ko ƙofar gida ba zai kai ba.

Ya sa rigarsa, ya gyara hula, ya fita.

Maigidana ya riga shi dawowa, shi ya ba ni labarin masallaci yana yi yana share hawayen dariya. Wari ya cika sahu. Amma da mutane suka saci kallon mai hancin gari suka gan shi zaune lafiya lau yana jan carbi, sai kowa ya sha jinin jikinsa. Tun da shi bai ji ba, ke nan warin bai yi nisa ba, a jikin mai jin sa yake. Sai ga dattawa suna sunkuyar da kai a hankali suna shinshina hammatarsu. Wani tsoho ma ya tashi ya je ya sake alwala.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Ina cikin yi ɗan gwaggo ya shigo da sallama, ya zauna a tabarma. Kyanwar gida ta zo ta manne masa tana cusa kai a aljihu. Ya kore ta, ta dawo. Ya ce, "Madam, kyanwarki ta hi ki son baƙi." Na dube shi ina jiran ya fashe da faɗa. Ba komai a fuskarsa sai yunwa. Nan dariyata ta ƙare.

Na jira maigida ya shiga ɗaki, na ce, "Ɗan gwaggo, ba ka jin komi?"

"Kamar mi?"

"Sa hannu aljihunka."

Ya ciro ƙunshin, ya buɗe, ya daɗe yana kallonsa. Bai kai shi hanci ba. Ya jefa wa kyanwa, ya goge yatsunsa a ƙasa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ya tahi, ɗiyar kawu. Tun masassarar da ta kwantar da ni bara. Na tashi, komi ya dawo, shi bai dawo ba."

Na tambaye shi to da me yake raba gardamar isansi. Ya ce da ido. Mai kyau in an ɗiga a hannu nan take yake bushewa, mai surki yana barin maiƙo, launinsu ma a rana ba ɗaya ba. Yana gani kafin ya lumshe, lumshewar ta jama'a ce. Man shanu da daddawa kuwa, fuskar mai sayarwa yake karantawa.

"Ko uwar yara ba ta sani ba," ya ce. "Ki rantse."

Na rantse. A duk tsokanar da na yi masa a duniya ba wadda na yi nadamarta irin wannan. Na so in kunyata shi na rabin yini, sai ga ni riƙe da abin da ya fi ƙarfin wasa.

Daga ranar na shiga neman magani a ɓoye. Na kai masa tazargade, na kai masa garin barkono ya shaƙa ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Ya je Dosso wurin likita da sunan ta'aziyya, aka ce masa ya yi haƙuri, wani yakan dawo wani ba ya dawowa. In mun haɗu a kasuwa wata ta miƙo masa man shanu, sai in matso in yi tari in man ya fara lalacewa, shi kuma ya yamutsa fuska ya yanke hukunci. Ya samu yabo da yawa a kan tarina, ko godiya bai taɓa yi mini ba.

A lokacin an riga an binne bututun ɗanyen mai da ya taso daga can gabashin ƙasa, ya ratsa gonakinmu ya nufi teku. A bayan gari aka gina masa tasha, da shingen waya, da tanki, da ƙarafa masu lanƙwasa iri-iri, da sojoji a ƙofa. Wata rana aka aiko wa mai unguwarmu ana neman mutanen gari: masu sharar ciyawa, masu gadi, da mutum ɗaya da zai riƙa zagaya bututai da tanki safe da yamma, in ya ji gaz na fita ya faɗa. Mai unguwa bai ko gama bayani ba jama'a suka ambaci ɗan gwaggo baki ɗaya. Mu gaz ɗin da muka sani shi ne na tukunyar girki, wanda in ya ɓalle har maƙwabta sai sun sani. Wa za a ba aikin wari in ba mai hanci ba?

Ya yi ta zillewa. Ya ce gwiwa, aka ce tafiyar ba nisa. Ya ce shekaru, aka nuna masa wanda ya girme shi a cikin masu shara. Mai unguwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, don ranar ga Allah ya ba ka hancin ga. Kada ka ba mu kunya gaban baƙi." Ga shi kuma teburin ya daina ciyar da gida. Ya tattara kwalabensa ya karɓa.

Ranar farko ya biyo ta gidana da shuɗin kayan aiki da hular kwano, na ce masa ya yi kama da kabewar da aka kifa wa akushi. Ya yi dariya. Na daɗe ban ƙara jin wata daga bakinsa ba.

Aikin ya zame masa azaba. Safe da yamma sai ya bi ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kowace mahaɗa, ya lumshe ido ya shaƙa, sauran ma'aikata na kallonsa da girmamawa. Ya dawo shef ɗinsu, wato shugaban ma'aikata, ya tambaye shi, ya ce lafiya lau. Isansi ko ba hanci ana ganinsa a hannu, iska kuwa ba ta ɗiguwa. Tsoro ya mayar da shi dodon ashana. Ya hana shan taba ko a bayan shinge, ya riƙa laluben aljihun mutane a ƙofa, har wani soja sai da ya miƙa masa ashanarsa, da bindiga a kafaɗa. Mutane suka ce lallai yana jin abin da su ba su ji. Sunansa ya ƙara tashi, shi kuma yana ta ramewa.

Wata la'asar ya zo ya zauna, bai ko kushe ruwan da na ba shi ba. Ya ce, "Kullum sai in ce musu lahiya lau. In ba lahiya lau ba ne hwa? Mutanen ga kwano ɗaya muke ci."

Na ce, "To ka hwaɗa musu."

"In hwaɗa in koma ina? Tebur ba ciniki. Abin da ya rage min a garin ga sunan ne."

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na ce masa sunan banza. Na ce in wuta ta tashi sunan ba zai kashe ta ba. Na ce in bai faɗa ba ni zan je in faɗa. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Kin rantse, Madam." Wannan karon ba wasa a cikin kalmar. Muka yi sati uku ko a hanya muka haɗu sai gaisuwa irin ta surukai, har gwaggo ta aiko tana tambaya ko lafiya taubasai suka koma mutunta juna.

Ana haka, a tsakiyar bazara, shef ɗin ma'aikatan ya zo lekol nemana. Ɗiyarsa a ajina take. Ya ce an turo wata injiniya daga wata ƙasa ta bakin teku za ta koya wa ma'aikata sabon aiki ranar Asabar. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Dendi ko Zabarmanci, shi kuma Faransancinsa na gaisuwa ne da karɓar faɗa. Ko zan zo in yi tafinta? Na ce zan zo. Gaskiya ba don son ilimi ba, so nake in ga wurin da ke cinye ɗan gwaggona.

Asabar da hantsi sojan ƙofa ya duba katina ya juya shi sau biyu, aka shigar da ni wata rumfar kwano. Ma'aikatan na zaune a benci: manoma daga ƙauyukan Tanda da Yelu, masunta na bakin kogi, da wani Bafulatani da ya bar wa ƙaninsa shanu ya zo gadi. Ɗan gwaggo na gaba, an bar masa wurin manya. Injiniyar gajeruwa ce, da takalma masu nauyi kamar na soja, tana magana tana kurɓar ruwa. Zafin Gaya ya riga ya yi mata barka da zuwa.

Ta ce ɗanyen mai yana tafe da wata iska a cikinsa, kamar yadda lemun kwalba ke da tasa. In man ya zauna a tanki, ko ya bi ta mahaɗar da ta saki, iskar sai ta sulale ta hau sama. Sunanta metan. Tana kama wuta, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, in ta taru a sama tana riƙe zafin rana a kan duniya kamar bargo, ta ma fi hayaƙi iya riƙewa. Shi ya sa ake so a duk inda ake haƙo mai ko ake tura shi a rage wadda ke tserewa. A nemo inda take fita, a ɗaure, a sake robar da ta ci, a rufe murfin tanki da kyau.

Ina fassarawa wani manomi ɗan Tanda ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, ce mata in wanga zahi daga nan yake hitowa, ta ba mu kile irin na makanikai mu ɗaure yanzu, a yi bayanin daga baya." Ta yi dariya ta ce ba daga nan kaɗai ba, har fadamar shinkafa na fitar da ita, har gyatsar shanu. Bafulatanin ya ce a gaya mata shanunsa suna da tarbiyya.

Sai ta faɗi maganar. Na ji ta sarai. Na kafa ido a ƙasa na ce, "Ta ce iskar ga ba ta da launi, kuma ba ta da wari. Ko kaɗan."

Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa bencin gaba.

Ɗan Tanda ya ce, "Madam, sake tambaya. Ko ga mai hanci na ƙwarai?"

Na tambaya. Ta ce ko ga kare. Wani ya ce to gaz ɗin girki fa? Ta ce shi ma da kansa ba ya wari, da gangan ake zuba masa abin wari don mutane su ankara.

Aka fashe da dariya. Wani masunci ya faɗo daga benci yana cewa, "Wata da watanni bawan Allah na shinshinar iska!" Suka yi wa mai unguwa dariya, suka yi wa shef, suka yi wa kansu. Ni shi nake kallo. Na zaci zan ga kunya, sai na ga fuskar wanda aka sauke wa buhun shinkafa daga ka. Ya fi kowa dariya, har da buga cinya, yana cewa, "Ai na hwaɗa muku ban ji komi ba! Ƙarya na yi?" Ni da shi mun san abin da ya samu. Ba wanda zai ƙara tambayarsa me ya ji, asirinsa ya rufu ba tare da ya ce komai ba.

Daga nan injiniyar ta fito da wata kamara mai ganin iskar. Muka bi ta cikin rana muna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Da ido ba komai, a cikin gilashin kuwa sai ga baƙin hayaƙi na tuɗaɗowa daga gefen murfin tanki, wani siriri kuma daga wata mahaɗa dab da inuwar da suke shimfiɗa tabarmar azahar. Ɗan Tanda ya ja da baya yana salati. Ta ce kamarar da ita za ta tafi, wasu tashoshin na jiranta. Abin da za ta bar musu shi ne ruwan sabuni da buroshi. A shafa a mahaɗa, a tsaya a duba, in kumfa na hurowa to nan ne, kamar yadda mai faci ke neman hujin taya. Masuntan suka ce in dai karatun kumfa ne a bar musu, da shi suke gane kifin da ke ƙasa.

Da an tashi a nan, da na koma gida da farin ciki. Amma kafin a watse sai ta tsayar da mu a bakin wani rami mai murfin ƙarfe, inda dattin ruwan gindin tanki ke taruwa, ana kwashe shi lokaci-lokaci. Fuskarta ta canza. Ta ce a irin wannan rami akan samu wata iskar daban, ita tana da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma tana kashe mutum kafin ya kai ga tsani. Ta nuna wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a ƙirji, mai kuka in ta ji ta. Ta ce kada kowa ya kusanci ramin ba tare da ita ba, wanda kuma ya ji warin ya gudu, kada ya tsaya neman takalmi. Na fassara kalma bayan kalma.

Shef mutum ne mai tausayi, tun ɗazu dariyar da aka yi wa dattijo ke damunsa. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce da Hausa, "To alhamdu lillahi, ga aikin hanci ya samu! Na'ura da pil irin na tocila take aiki, pil na mutuwa. Ranar kwashe rami Malam zai shige gaba, in ya ce lahiya, ku bi shi."

Kowa ya yi na'am. Masuncin da ya faɗo daga benci ya ce shi wallahi ya fi yarda da hancin Malam a kan abin da aka ƙera a ƙasar da ba a san daddawa ba. So suke su mayar masa da girmansa, da zuciya ɗaya.

Injiniyar ta dube ni tana jiran in gaya mata me ake cewa. Na gyara gyale. Na nemi ruwa na sha. Na dubi ɗan gwaggo, shi yana kallon murfin ramin. Na ce a raina zan yi kaffarar rantsuwar, ko da ba zai ƙara yi mini magana ba har mutuwa. Na buɗe baki ke nan, sai ya cire hular kwanonsa ya riƙe ta a ƙirji.

"Jama'a, ku dakata," ya ce. "Hancin ga da kuke magana ya mutu. Yau kusan shekara biyu ban ji warin komi ba, ban ji ƙamshin komi ba. Duk zagayen da kunka ga ina yi na banza ne. In kunka bi ni cikin ramin ga, kun bi makaho."

Ko sojan da ke tsaye can nesa sai da ya juyo.

Can wani dattijo cikin masu shara ya ce a hankali, "To ranar Juma'ar nan da masallaci ya ɗauka..."

"Ni ne. Kan tarwaɗa ne a aljihuna. Ga wadda ta sa shi nan."

Dattijon ya ce, "Subhanallahi! Sau uku na yi wanka ranar nan, har na yi wa iyali hwaɗa kan sabuni!"

Dariyar da aka yi ba irin ta ɗazu ba ce. Gajeruwa ce, kowa yana yi yana kallon wani wuri. Na gaya wa injiniyar duk abin da ya faru, ban rage ba. Ta ce in gaya wa shef ko hancin kowa lafiya yake ba a auna ramin nan da hanci, don iskar da kanta tana kashe jin wari. Ta je gaban ɗan gwaggo ta dafa ƙirjinta ta ɗan rusuna, irin gaisuwar da ta ga muna yi. Shi ya rasa inda zai sa idonsa.

Shef kam ya ji haushi, kuma yana da gaskiya. Ya ce wa ɗan gwaggo ya tafi gida sai an neme shi. Aka ba masuntan bokitin sabuni. Bayan kwana goma aka aiko masa ya dawo, don masuntan sun saba da kumfar kifi mai tasowa ta wuce, su shafa su ɗan leƙa su yi gaba, alhali ƙaramin yoyo sai an tsuguna an jira shi. Ɗan gwaggo kuwa jira ba baƙonsa ba ne. Har yau shi ke yawo da bokiti da buroshi a tashar, yana ɗaura jan ƙyalle a duk inda ya ga kumfa, masu kile su biyo baya su ɗaure. Na ce masa a ƙarshe dai ya zama mai wanke-wanke, ya ce ya fi koya wa ɗiyan mutane ƙarya da Faransanci. Na ji daɗin wannan zagin ƙwarai.

Gari bai yafe da sauri haka ba. Ba wanda ya zage shi, sai dai an daina aika masa. Gardamar isansi yanzu sai a yi ta har a gaji a watse. A kasuwa mata na gaishe shi da ladabi su wuce da man shanunsu a rufe. In ya bi ta tsohon wurin teburinsa ya ɗaga hannu, a ɗaga masa, shi ke nan. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, amma na ga ya canza hanyar zuwa aiki.

Gida ya fi wuya. Labarin ya riga shi isa ranar Asabar ɗin. Matarsa mace ce mai ji da turaren wuta, da hannunta take haɗa nata, ba ta yarda da na kasuwa. Ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Shekara biyu ina ƙona maka turare kana ce min madalla! Har kana cewa na yau ya hi na jiya!" Ya ce hayaƙin yake gani ya yi kyau. Ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Kwana uku tana yi masa miya ba daddawa, ta ce tun da ba mai ji ba za ta yi asara ba. Ni ma ban tsira ba, ta ce da ni aka haɗa baki, kuma ba ta yi ƙarya ba. Da na je ba ta haƙuri ta yi kuka sosai. Ta ce ba turaren ke mata ciwo ba. Abin da ke mata ciwo shi ne ya ɗauki abin shi kaɗai, a gida ɗaya da ita, ya ga ba ta isa a gaya mata ba.

Ruwan farko na shekarar a gidansu ya same ni, bayan la'asar. Tun azahar gabas ta haɗe, iska ta taso ta kwashe shanya, muka ruga muka tattara, muka fake a rumfar ƙofar ɗaki mu uku. Ɗigon farko suka fara sauka manya-manya a kan ƙasar da ta yi watanni ba ta ga ruwa ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan. Ni da ita muka ja numfashi lokaci ɗaya ba mu sani ba, sannan muka tuna, muka dubi juna, kowace ta kama kanta kamar mun ci abu a gaban mai azumi.

Shi yana zaune a kan turmi, hannuwa a gwiwa, yana kallon tsakar gida na canza launi.

Ya ce, "Ya taso?"

Matarsa ta ce, "Ya taso, Malam."

"Kamar na da?"

Ta buɗe baki za ta kwatanta masa, ta rasa da me. Ta dube ni, ni ma ban samu ko kalma ɗaya ba. Sai ta ja kujerarta ta matsa kusa da shi har kafaɗarta ta taɓa tasa, ta ce, "Kamar na da. Bai canza ba."

Ya gyaɗa kai. "To ku shaƙa da kyau," ya ce. "Kada ku ji kunyata."

Muka shaƙa. Ni dai ban iya ja sosai ba, kuka ya riga ya toshe mini hanci.